Ɗanyen Bedi a Murhun Jego

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanwata da wani dattijo maƙwabcinmu da ya yarda ya ja mu a tsohuwar motarsa. An kwana ana ruwa. Dutsin-Ma duk ta jiƙe sharkaf, dutsen nan namu ya yi baƙi yana sheƙi, kwatoci sun cika sun tumbatsa kan titi. Ku da kuka saba karanta labarin tafiye-tafiyena kun san nakan fita da fara'a, in dawo da tsaraba da surutu. Wannan karon da fushi na fita, kuma gara in faɗa muku dalili tun daga farko.

Autanmu, wanda na goya bayan rasuwar mahaifiyarmu, matarsa Saude ta haihu. Haihuwar fari ce, namiji, don haka ta tafi wankan gida wurin iyayenta, a wani ƙauye da ke tsakanin Birchi da Wurma. An mayar wa yaron sunan mahaifinmu, muna ce masa Abba. Ranar suna na gan shi da idona, ɗan ɓulɓul da shi, yana kuka da ƙarfinsa. Bai cika wata ba sai Bafulatanar da ke kawo mana nono, wadda rugarsu ke wajejen can, ta ce mani tana cikin awo, "Hajiya, jaririn nan naku yana ta tari fa. Tun daga bakin hanya ake hango hayaƙin gidan." Na kira Saude a waya, ta ce lafiya lau. Na tare Auta, ya sunkuyar da kai ya ce shi bai ji komai ba. Ni kuwa nan take na yanke wa mutane hukunci. Na ce marka ta kama su, icce ya ƙare, sun koma hura wutar ruwan wanka da leda da kashin shanu, jinin gidanmu yana kwance yana shaƙa. Na ce zan kai musu gawayi mai kyau wanda ba ya hayaƙi, in kuma faɗa musu abin da ke bakina.

Saboda haka zangonmu na farko wurin masu gawayi ne, a bayan gari. Mun tarar har sun buɗe, ana yi wa wata doguwar mota lodi. Na daɗe ban je saye da kaina ba, aike nake yi, don haka da mai wurin ya faɗi kuɗin buhu sai da na sake tambaya ko da motar yake nufi. Abin da bara zai saya maka biyu, bana ɗaya ne da ƙyar. Ya ce gas ya gagari mutane, kananzir ya zama turare, ɗaliban jami'a da masu shayi da masu gashi duk sun dawo kan gawayi, shi me zai yi. Na ce to a kwance mani buhu in gani. Nan fuskarsa ta canja.

In ba ku sani ba ku sani, buhun gawayi yana da kai yana da ciki. A kai ake jera manya-manya masu kyau, a rufe da ganye a ɗaure. Da na sa aka zazzage shi a ƙasa, rabinsa gari ne da ƙasa, sauran kuma da na karya guda sai ga cikinsa ja, bai gama ƙonewa ba. Irin wannan in ka hura shi hayaƙinsa ya fi na icce ɗaci. Gawayin kirki baƙi ne har ciki, yana da nauyi a hannu, in ka buga biyu sai ka ji ƙara siririya kamar ta ƙarfe. Na waiwaya na ga irinsa ake tsincewa ana ɗurawa a fararen buhuna ana ɗora wa doguwar motar. Na ce wancan nake so.

"Wancan ba na nan ba ne, Hajiya," in ji shi. "Na iccen ƙirya ne zalla. Kudu za shi, daga can a sa shi jirgin ruwa."

Ya yi mani bayani yana alfahari, wai a ƙasashen da ake kai irinsa akwai unguwannin da doka ta hana a ƙona abin da ke hayaƙi, sai abin da hukuma ta gwada ta amince da shi, don kada iskar gari ta lalace. Ban san iyakar gaskiyar inda buhunan ke ƙarewa ba, amma na tsaya ina kallonsa raina yana tafasa. Wato an zauna a wata ƙasa an yi wa huhun mutane doka, mu kuma a nan ana tsince mai kyau a kai wa wasu, a bar mana ƙasa da ɗanyen ciki mu hura wa jarirai. Na ce masa ko jirgin sama ke jiran motar nan, sai an sauke mani buhu biyu. Muka yi ta ja, dattijon namu yana ba ni haƙuri, ƙanwata tana ja mani gyale. A ƙarshe ya sayar mani a kuɗin da ba zan faɗa ba don kada a yi mani dariya. Na haɗa da kurfoti babba na hura gawayin, muka cusa a bayan mota, motar ta durƙusa kamar raƙumi.

Hanyar Kurfi da safiyar damina abin kallo ce, ko mai fushi sai ya kalla. Gero ya fi mutum tsayi, dawa ta yi kore shar, gyaɗa ta rufe kunya. Shanu suna tsallaka titi a natse, ba ruwansu da hon. Dattijon namu ba ya gudu, kuma duk ramin da ya faɗa sai ya ba motar haƙuri da baki, ƙanwata tana ƙunshe dariya. Abin da ya hana ni sakin jiki shi ne itatuwan bakin hanya. Layin bedin nan da muka taso muka gani, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, an bi shi da gatari. Wani an yi masa aski an bar gangar jiki tsaye, wani an kwantar da shi gaba ɗaya, kututturen fari fat, sabon sara. A gefe an faskara an tara, ruwa yana ɗiga a kai. Dattijon ya ce marke da ƙirya sun daɗe da ƙarewa a kusa, masu icce kuma ba sa iya shiga daji mai nisa saboda halin rashin tsaro da ake ciki, shi ya sa aka dawo kan na bakin titi.

A Birchi muka tsaya karin kumallo. Wata mata ce ke suyar ƙosai a ƙarƙashin rumfar kwano, ƙosanta manya, da yajin ƙuli mai daɗi, ga koko da zafinsa. Na ci, ban rage ba. Amma ina ci ina kallon murhunta. Iccen ya ƙi kamawa, sai ta ɗauko tsinkakken silifa ta cusa, wuta ta tashi da baƙin hayaƙi mai warin da ke kama maƙogwaro, ga goyo a bayanta yana barci. Na ce mata, "Baiwar Allah, wannan robar ai guba ce." Ta share ido da gefen zane ta ce, "Hajiya, in ban sa ba sai azahar ban fidda kaskon farko ba." Na sayi dafaffiyar gyaɗa a wurin wata tsohuwa don tsarabar yaran gidan da za mu, muka tashi.

Daga nan muka bar kwalta muka shiga jar hanya. Taɓo ya yi mana maraba. Sau biyu ina sauka don motar ta yi sauƙi, ƙanwata tana cewa ashe ni ce lodin, ba gawayin ba. Mun wuce mata suna tsintar ƙirare a bakin gonaki, ba mai yin nisa. Kara ya ƙare tun farkon damina, sabo bai zo ba. Duk gidan da muka wuce hayaƙi ne ke fita ta saman danga, fari, mai nauyi, ya ƙi tashi sama saboda laima. Da muka doso ƙauyen su Saude, ko baƙo ba ya buƙatar a nuna masa gidan. Bafulatana ba ta yi ƙari ba ko kaɗan.

Mahaifin Saude, wanda kowa ke kira Malam, shi ya tarbe mu a ƙofar gida. Dattijo ne mai sanyin magana, manomi, yana da 'yan tumakinsa. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka shiga gaisuwa, ya gida, ya damina, ya masu jego. Ni kuwa idona yana kan wani tulin icce da ke jingine da katangar zauren, tsayinsa ya kai kafaɗata, an jera shi tsaf inda duk mai wucewa zai gani. Ashe icce bai ƙare ba. Na yi shiru da shirin faɗan da na taho da shi, na ce bari in shiga ciki tukuna.

Saboda ruwan sama an ɗauke murhun wanka daga tsakar gida an mayar da shi ƙarƙashin rumfa, rumfar kuma a manne take da ƙofar ɗakin maijego. Ƙatuwar tukunya na kai. Inna, mahaifiyar Saude, tana durƙushe tana fifita wuta da faifai, idanunta jajir, hawaye yana bin kumatunta. Ba leda a murhun, ba kashin shanu. Icce ne, amma ƙarshen kowane guda yana tsiyayar da kumfa yana tsuwa, wutar ta ƙi ci, hayaƙin yana turnuƙewa yana shiga ɗakin kai tsaye kamar an aike shi. Na sa hannu na zaro guda ɗaya. Nauyinsa kaɗai ya isa shaida. Na ɓantare ɓawon da farce, kore ne a ciki, warin bedi ya bugi hancina.

Na shiga ɗakin ina tari. Saude tana zaune bakin gado, ta rame, ta rusuna ta gaishe ni. Abba yana kwance cikin zannuwa. Na buɗe shi. Numfashinsa sama-sama, da sauri, duk jan da zai yi sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa, ga wani ɗan sauti kamar na ƙaramar mage yana fita daga ƙirjinsa. Na ce, "Saude, tun yaushe?" Ta kawar da kai ta ce, "Ya ɗan kwana biyu, Yaya." Na ce me ya hana ta faɗa mani a waya. Sai hawaye. Na san amsar. Ɗan fari ne. Yarinyar da aka tarbiyyantar ba ta nuna ta damu da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban manya in ba shayarwa ba, balle ta buɗe baki ta ce wa dangin miji ɗanta ba shi da lafiya. Ita ke kwana tana sauraron ƙirjin nan, gari ya waye ta ce lafiya lau.

Na fito na sami Inna. Na yi ƙoƙarin sassauta murya, ban san ko na iya ba. Na ce, "Inna, wannan iccen ai ɗanye ne. Ina kuka samo shi?" Ta dubi ƙasa. Ta ce, "Hajiya, iccen jego ne. Na wajenku ne."

Sai da na nemi turmi na zauna. Kowa ya san al'ada, iccen da za a dafa ruwan wankan maijego har ta yi arba'in, miji ke kawowa. Auta ya kawo, har ya zo yana gaya mani ya aika amalanke biyu, na sa masa albarka. Ashe ta waya ya yi cinikin da wani dillalin icce. Shi kuma mara tsoron Allah ya sa aka sare bedin bakin hanya, aka faskara, aka yi wa lodin lulluɓi da busasshe a sama aka kai. Busasshen bai wuce suna ba ya ƙare. Auta bai taɓa zuwa ya duba ba, don tun ranar suna bai sake taka ƙauyen ba, wai kunyar surukai da kunyar ɗan fari.

Na ce, "To Inna, da kuka ga haka, ba sai ku aiko ba? Ko ku nemi wani?" Ta nuna mani bayan rumbu da haɓa. Akwai ɗan busasshen iccen sabara da kalgo da ta tara tun rani, an rufe da tsohon buhu. Ta ce da shi take dafa tuwo. Ta ce, "In muka aje nashi muka hura namu, gari zai ce mun raina abin da yaron ya kawo. In muka aika muka ce bai yi ba, mun ci mashi fuska, shi da bai daɗe da shigowa cikinmu ba. Malam ya ce mu yi haƙuri, zai bushe." A cikin marka. Zai bushe.

Jama'a, na yi fushi a rayuwata, amma ban taɓa yin irin na ranar nan ba, don na rasa wanda zan sauke wa. Na taho da niyyar wanke mutanen ƙauye tas, na tarar mutunci ne ya sa suke shan hayaƙin gidanmu safe da yamma. Inna tana kare fuskar surukinta da idanunta. Malam ya jera iccen a ƙofar gida don a ga surukinsa ya yi abin kirki. Saude ta yi shiru don kada a ce ba ta da kunya. Auta yana Dutsin-Ma yana sunkuyar da kai don kada a ce ya cika zumuɗin ɗa. Kowa ya cika ladabi, ba wanda za ka nuna ka ce mugu ne in ban da dillalin, kuma a tsakiyarsu jariri yana neman iska.

Na fita zaure wurin Malam. Na durƙusa yadda ya kamata, amma maganar ban naɗe ta cikin ganye ba. Na ce, "Malam, iccen nan daga gidanmu ya fito, ni ce babba a gidan, kuma ni na ce bai yi ba. Ba ku kuka ce ba, ni na ce. In gari zai yi magana, a ce yayar miji ce ta zo ta yi rashin kunya. Yaron nan kuma asibiti za mu kai shi yanzu." Ya daɗe yana jan casbi. Na san abin da ke ransa, maijego ba ta fita kafin arba'in. Can ya ɗago ya ce, "Hajiya, kin sauke mani kaya. Kwana nawa ina jin tarin nan daga nan inda nike, ban san ta inda zan ɓullo ba. Ku tafi da su."

Kafin su shirya na sa aka janye wutar aka kashe ta da ruwa. Muka sauke buhunan gawayi, na kafa kurfoti a can gefen tsakar gida inda iska ke wucewa, nesa da ɗakin. Na hura, ya kama ja, ba hayaƙi, tukunyar da ta daɗe tana gardama ta fara motsi. Matan maƙwabta suka leƙo ta danga, na ji wata tana cewa yau ga jegon birni, da gawayi kamar maƙera. Na ce mata e, maƙera ne, mutum muke ƙerawa. Na ja wa Inna kunne a kan abu ɗaya, kada a kuskura a shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa don ɗumi, gawayi ba ya hayaƙi amma yana kisa a rufaffen ɗaki ba tare da an ji komai ba. Ta ce ta ji. Aka dama mana kunun kanwa na maijego, mai kauri da yaji, ƙanwata ta shanye kwano guda tana cewa ita ma ai ta taɓa haihuwa. Da za mu fita na zari guda ɗaya daga tulin ƙofar gida na jefa a bayan mota. Dattijon ya dube ni, ya tayar da mota.

Daga ƙauyen zuwa Kurfi ba wanda ya yi raha. Saude da Inna da ƙanwata suna baya, Abba a hannun ƙanwata, don ko a motar Saude ba ta yarda ta riƙe shi gaban uwarta ba. Dattijon da ke ba mota haƙuri da safe, yanzu taka ta yake yi ba tausayi. Duk ramin da muka faɗa sai in waiwaya in tambaya yana numfashi, a ce mani yana yi.

A asibiti malamar da ta karɓe mu ta buɗe ƙirjinsa ta duba, ta sa abin saurare, ta ɗago ta tambaye mu da me ake girki a gidan, kuma a ina. Da aka faɗa mata ta girgiza kai kawai, alamar ba yau ta fara jin irin wannan ba. Ta ce sanyin haƙarƙari ne ya kama shi, hayaƙin kuma shi ya buɗe masa ƙofa. Ta ce an yi sa'a da aka kawo shi yau. Aka ba su gado, aka yi masa allura. Na leƙa sauran gadajen ɗakin, yawanci ƙananan yara ne, yawancinsu tari. Na bar ƙanwata a wurinsu, na sayo musu burodi da kayan shayi a bakin asibitin, ni da dattijon muka juyo bayan la'asar.

Mun shigo Dutsin-Ma rana tana shirin faɗuwa. Ban wuce gida ba, na ce a sauke ni a shagon Auta, inda yake sayar da kayan masarufi. Yana ganina ya taso da murmushi, "Yaya, sannu da hanya, kun same su lafiya?" Su. Ko a nan ba zai ce yaron ba. Na ce ya biyo ni ɗan ɗakin ajiyar da ke bayan shagon. Na karɓi kaskon mai shayin da ke kusa da garwashi a ciki, na ɗora guntun bedin nan a kai, na ajiye a tsakiyar ɗakin. Na ce ya zauna. Na fito na tsaya a bakin ƙofa, na bar ta a buɗe kamar yadda ta ɗakin Saude take.

Ko Fatiha ba za a gama karantawa sau uku ba ya fito a guje, yana tari, ido yana zubar ruwa, yana tambayata me ya yi mani. Na ce, "Iccen jegonka ne. Ƙato da kai ka kasa zama. Ɗanka a ciki yake kwana yake tashi tun bayan suna, yanzu haka yana kwance a asibitin Kurfi." Ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya ce, a hankali, "Abba?" Ranar na fara jin sunan a bakinsa. Bai rufe shagon ba, maƙwabcinsa ya bar wa, ya hau babur ya kama hanyar da na baro.

Na isa gida ana kiran magariba, kayana da gashina duk warin hayaƙi, sai da na yi wanka biyu. Abin da tafiyar nan ta koya mani ba mai yawa ba ne, amma ya zauna mani daram. Mu ba mu da hukumar da za ta zo ta gwada abin da muke hurawa ta ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. Dillali zai ci gaba da lulluɓe ɗanye da busasshe, mai kyau zai ci gaba da hawa doguwar mota, mai ƙosai za ta ci gaba da cusa silifa. Abin da ya rage mana shi ne ido da baki. In ka sayi iccen jego, je ka ɗaga shi da hannunka. In an kawo maka wanda bai yi ba, faɗi. Ina son kunya, da ita aka raine ni, da ita na raini Auta. Amma ban yarda a biya ta da numfashin jariri ba, kuma duk wanda ya ji haushin wannan magana ya zo ya same ni.

Bayan isha ƙanwata ta kira. Ta ce numfashin Abba ya fara sauka, har ya kama nono. Ta ce Auta ya iso jiƙe da ruwa, ya shiga ɗakin, ga Inna a zaune, bai tsaya a bakin ƙofa ba. Ya ɗauki ɗansa ya kara kunne a ƙirjinsa, ya daɗe a haka. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango, ta bar shi ya saurara.